Zakaran tseren kwale-kwale da ya koma horarwa: amsa ga wani malamin wasanni a Daura

Wani malamin wasanni a wata makarantar sakandare da ke Daura ya aiko da tambaya. Ya ce ya ji labarin wani Bature da ya ci lambar zinare sau biyar a tseren kwale-kwale na gasar Olamfik alhali yana fama da ciwon suga, daga baya kuma ya tafi ƙasar Sin yana horar da 'yan wasa. Yana so ya san ko wane ne shi, yana kuma so ya san ko duk wanda ya yi zakara zai iya zama koci nagari, don makarantarsu na shirin ɗauko wani tsohon zakaran gudu ya riƙe masu yara.

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Mutumin da kake nufi sunansa Steve Redgrave, ɗan ƙasar Ingila. Na daɗe ina ba da labarinsa ga matasan malaman da muke horarwa a nan Katsina, don haka tambayarka ta zo mini a daidai. Amma kafin in shiga tarihinsa, bari in gyara hoton da yawancinmu muke da shi a kai idan an ce tseren kwale-kwale.

Mu abin da muka sani shi ne masunta. Idan ka je madatsar ruwa ta Zobe ko ta Jibiya da sassafe, za ka ga mutum ya durƙusa ko ya zauna a gindin kwale-kwale, yana fuskantar gaba, filafili a hannu, yana tsoma shi dama da hagu. Haka ake yi a bikin Argungu da Rigatar Yawuri. Na Redgrave ba haka yake ba. Matuƙin yana juya wa inda za shi baya ne. Filafilin doguwar sanda ce da aka maƙala a wani ƙarfe da ya fito daga gefen jirgin. Kujerar da yake zaune a kai tana da ƙananan tayoyi, tana gudu gaba da baya a kan layi, ƙafafunsa kuma a ɗaure suke cikin takalmin da aka kafe a jikin jirgin. Zai dunƙule kamar mai tsuguno, ya tsoma bakin filafilin, sa'an nan ya tura da cinyoyinsa har su miƙe, bayan nan gadon baya ya karɓa, hannu shi ne na ƙarshe. Fiye da rabin ƙarfin daga ƙafa yake fitowa. Tsawon tseren mita 2,000 ne, ana gama shi cikin minti biyar da rabi zuwa bakwai da rabi gwargwadon jirgi. Jirgin mutum ɗaya bai wuce kilo 14 da ɗan kai ba, tsawonsa kusan mita 8, faɗinsa kuwa da kyar ya ɗauki ƙugun mutum. Na taɓa hawa na'urar da suke atisaye da ita a tudu a wani ɗakin motsa jiki. Kafin in kai mita 1,000 cinyoyina sun ɗauki wuta, numfashina yana fita kamar zugazugin maƙeri, hannuwana kuwa ko gajiya ba su fara ba. A ranar na fahimci wasan da jikina.

An haifi Redgrave ranar 23 ga Maris 1962 a Marlow, wani ƙaramin gari a bakin kogin Temis. Mahaifinsa magini ne. A makaranta bai yi fice ba, don yana da irin matsalar nan ta harhaɗa baƙaƙe wadda ke sa karatu da rubutu su yi wa yaro nauyi ko da yana da kaifin basira. Ya bar makaranta yana shekara 16. Abin da nake so ka riƙe shi ne wanda ya gano shi: malaminsu na Turanci, Francis Smith, mutum mai son tuƙi, wanda ya riƙa duban yara yana zaɓen masu manyan hannuwa da manyan ƙafafu yana kai su kogi. Ba wani babban koci ba ne, malamin aji ne irinka da irina. Yaron da ya zaɓa ya girma ya haura mita 1.9 a tsayi, nauyinsa ya wuce kilo 100.

Daga hannun Smith ya faɗa hannun Mike Spracklen, shi ma mutumin Marlow. A nan akwai abin da ba a cika faɗa ba. Burin Redgrave shi ne ya zama zakaran jirgin mutum ɗaya, shi kaɗai, ba ya jiran kowa. Ya yi nasara a gida, amma a gasar duniya bai kai ko'ina ba. Spracklen ne ya shawo kansa ya shiga jirgin mutum huɗu mai ɗan jagora, wato ƙaramin mutumin da ke riƙe akalar jirgi yana ba da umarni. A birnin Los Anjalas na Amurka, 1984, shi da Martin Cross da Richard Budgett da Andy Holmes, da Adrian Ellison a matsayin jagora, suka kamo 'yan Amurka a ƙarshen tsere suka wuce su. Rabon Birtaniya da zinare a wannan wasa tun 1948. Gaskiya ɗaya ce, a wannan shekara Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Gabas sun ƙaurace wa gasar, kuma Jamus ta Gabas ce gwanar tuƙi a lokacin. Saboda haka akwai masu cewa an ci ne a bayan idon manya.

A 1988 a birnin Seul ya rufe wannan bakin. Kowa ya zo, shi da Holmes suka ci zinare a jirgin mutum biyu marar jagora, kashegari kuma suka sake fita a mai jagora suka samu tagulla. Jirgin mutum biyu marar jagora shi ne mafi tonon asiri a wasan nan. Kowa filafili ɗaya gare shi, ɗaya dama ɗaya hagu. Idan ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ya kuma nuna ƙarfin, jirgin zai karkata ya bar layi. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa shanu biyu garma ya san wannan: idan sa ɗaya ya rinjayi ɗan'uwansa, kunya ba za ta miƙe ba. Redgrave ya fi kusan duk wanda ya zauna da shi ƙarfi a shekarunsa na farko, sai da ya koyi auna ƙarfinsa da na abokinsa. Ina ganin a nan ne ya fara zama malami, tun yana ɗan wasa.

A 1990 aka haɗa shi da Matthew Pinsent, yaron da Redgrave ya girma da shekara takwas, wanda ya fito daga makarantun 'ya'yan manya, Eton da Jami'ar Oksfod. Ɗan magini da ɗan limamin coci a jirgi ɗaya. Shekara guda bayan nan Jürgen Gröbler ya zo Ingila daga Jamus ta Gabas bayan rushewar katangar Balin, ya karɓi horar da su. Tsarinsa shi ne tuƙi mai tsawo a hankali, kilomita bayan kilomita, sau biyu ko uku a rana, da ɗaga ƙarfe, da rubuta komai a takarda: bugun zuciya, lokaci, nauyi. Ba kullum ake ƙure gudu ba. Wannan ya saɓa wa abin da na ga malamanmu da yawa suna yi, su tara yara sati biyu kafin gasar gidaje su riƙa kora su cikin rana har wasu su yi amai, a ce an yi atisaye. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ruwan cikin kuwa a wata da watanni ake tara shi.

Ana saura 'yan watanni gasar Basalona ta 1992 aka gano Redgrave yana da gyambon babban hanji, ciwon da ke sa mutum zaryar bayan gida yana ramewa. Aka shawo kansa da magani, suka ci zinare. A Atlanta, 1996, suka sake ci, kuma wannan ita ce lambar zinare ɗaya tak da Birtaniya ta samu a gasar gaba ɗaya, ƙasar ta ƙare a ta 36. Yana cikin jirgi yana haki ya gaya wa 'yan jarida cewa duk wanda ya sake ganinsa kusa da kwale-kwale ya ba shi izini ya harbe shi. Bayan 'yan watanni ya dawo.

Sai ciwon suga a 1997, yana shekara 35. Ka yi tunanin matsalar. Mai irin atisayensa yana cin abincin da ya kai kalori 6,000 ko fiye a rana, yawancinsa mai zama suga a jini, ga shi kuma jikinsa ya daina sarrafa sugan yadda ya kamata. Likitansa bai hana shi abincin ba, sai ya ɗora shi a kan allurar insulin, sinadarin da ke taimaka wa jiki sarrafa suga, sau da yawa a rana, yana auna jininsa kafin atisaye da bayansa, ana daidaita allurar da abin da ya ci da aikin da zai yi. Matarsa Ann likita ce, ita ma ta yi tuƙi a Olamfik ta 1984, ta kuma zama likitar tawagar ƙasar. Ina faɗin wannan ne don kada wani mai ciwon suga ya karanta ya ce shi ma gobe zai fita gudu haka kawai. Motsa jiki yana taimaka wa mai wannan ciwo ƙwarai, amma mai shan magani ko allura sugansa na iya faɗuwa ana tsakiyar aiki har ya suma. A ga likita tukuna, a riƙe dabino ko alawa a aljihu, a kuma sanar da abokin atisaye.

Domin gasar Olamfik ta Sidni ta 2000 Gröbler ya koma jirgin mutum huɗu: James Cracknell, Redgrave, Tim Foster, sai Pinsent mai saita bugu, wato wanda sauran ke bin bugun filafilinsa. Jirgin ya ci gasar duniya a 1997 da 1998 da 1999 (a 1999 Ed Coode ne ya zauna a gurbin Foster), amma ana dab da Olamfik suka je Luzan ta ƙasar Suwizalan suka zo na huɗu. Aka fara cewa tsoho ya ƙare. Ranar 23 ga Satumba 2000 suka fita a gaba tun daga farko, 'yan Italiya suka taso masu a mita ɗari biyar na ƙarshe suna cin tazarar bugu bayan bugu. Suka tsallake layi cikin minti 5 da daƙiƙa 56.24, Italiya na bayansu da 0.38 na daƙiƙa, abin da bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Na kalli hoton wannan tsere ban san adadi ba. Redgrave ya kife a kan filafilinsa, bai ko iya ɗaga hannu ba. Pinsent ya taso daga kujerarsa, ya tsallake Foster, ya rungume shi, sa'an nan ya faɗa ruwa. Shekarun Redgrave 38 a lokacin. Zinare biyar a gasa biyar a jere, ga kambin duniya tara. A 2001 Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar girmamawa ta "Sir".

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi ta farko muhimmanci a wurina.

Ka lura da mutanen da suka gina shi. Smith malamin Turanci ne. Spracklen ya yi tuƙi ya kuma ci gasar ƙasashen renon Ingila a 1958, amma bai taɓa cin Olamfik ba, duk da haka ya je Kanada ya kai jirginsu na mutum takwas ga zinare a 1992 da 2008. Gröbler ba a san shi da wata bajinta a cikin jirgi ba, amma tun daga 1976 har 2016 babu gasar Olamfik da ya halarta da 'yan wasansa ba su ci zinare ba. Don haka zama zakara ba sharaɗi ba ne. Wani lokaci ma shi ne cikas.

Na gani da idona. Shekarun baya aka kawo mana wani tsohon zakaran gudun dogon zango ya taya mu shirya yara. Mutumin kirki, yara suna ganin girmansa. Amma idan yaro ya yi kuskure, abin da zai ce kawai shi ne "ka yi kamar haka", ya ruga ya nuna. Jikinsa ya san abin, bakinsa bai sani ba. Akwai wani siririn yaro da yake jefa ƙafarsa gaba da yawa yana sauka a kan dunduniya, ƙwabrinsa kullum yana ciwo. Zakaran ya ce ragwanci ne, shi a zamaninsa da ciwo yake gudu. Wani malamin da bai taɓa cin ko kofin ƙaramar hukuma ba ne ya tsuguna a gefen fili ya kalli sawun yaron a ƙasa, ya ce masa ya rage faɗin taku ya ƙara yawansa. Cikin wata guda ciwon ya lafa. Zakara yakan auna kowa da kansa, kuma shi ba irin kowa ba ne.

To me Redgrave ya yi da ya bar ruwa? Bai ruga ya hau jirgin koci da lasifika a hannu ba. A 2007, shekara biyu bayan Landan ta samu izinin karɓar gasar 2012, ya zama fuskar wani shiri na neman dogayen matasa, maza masu mita 1.9 da mata masu mita 1.8, ko da ba su taɓa ganin filafili ba. Aikin Francis Smith ke nan, aka faɗaɗa shi ya game ƙasa. Ta wannan shiri aka samo Helen Glover, wadda ta fara tuƙi a 2008, ta kuma ci zinare a 2012 tare da Heather Stanning. Shekara huɗu kacal. Amma kada a manta da kuɗi: bayan kunyar Atlanta, daga 1997 Birtaniya ta fara biyan 'yan wasanta da kocinsu daga asusun caca na ƙasa. A Sidni suka ci zinare 11, a Landan 29. Gano yaro ba ya wadatarwa idan babu mai ciyar da shi.

A 2018 ƙungiyar tuƙi ta ƙasar Sin ta ɗauke shi darektan da ke kula da shirin manyan 'yan wasanta. Ka gane bambancin: akwai kociyoyin da ke bin kowane jirgi kullum, shi kuwa aikinsa tsara atisaye, da zaɓen wanda zai zauna da wa, da horar da kociyoyin kansu. Sin tana da mutane da kuɗi da kayan aiki tun kafin zuwansa, ta ma taɓa cin zinare a Bejin a 2008. A gasar Tokiyo da aka yi a 2021, matansu huɗu masu filafili bibbiyu suka ci zinare cikin minti 6 da daƙiƙa 5.13, lokacin da ba a taɓa yi ba a duniya. Liu Zhiyu da Zhang Liang suka samu tagulla, lambar farko da mazan Sin suka taɓa samu a tuƙin Olamfik, matansu takwas ma suka samu tagulla. Ba zan ce duk aikinsa ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ina ganin ya dace da wannan kujera ne saboda ya zauna a ƙarƙashin kociyoyi biyu masu tsari daban, ya yi tuƙi da abokai iri-iri, ya kuma san halin jikin da ba ya ba da haɗin kai. Mutumin da ya yi shekara uku yana auna jininsa kafin ya hau jirgi ba zai ga yaro yana ɗingishi ya ce ragwanci ne ba.

Akwai wurin da ban goyi bayansa ba, kuma ya shafi maƙwabtanmu. A Landan 2012 Jamhuriyar Nijar ta aika Hamadou Djibo Issaka, ɗan shekara 35 daga Yamai, wanda bai fi wata uku da fara wannan tuƙi ba, ya shiga ne ta gurbin alfarma da ake ba ƙasashen da wasan bai kafu ba. Ya zo na ƙarshe da tazara mai yawa, 'yan kallo suka miƙe suna yi masa tafi har ya kai layi. Redgrave ya soki shigarsa, ya ce akwai waɗanda suka fi shi a wasu ƙasashe da ba a ba dama ba. Ta fuskar ƙa'idar gasa yana da hujja. Amma shi ma wani ne ya ɗauke shi bai san komai ba ya sa shi a jirgi, kuma an haife shi a bakin kogin da ke da ƙungiyoyin tuƙi tun ƙarni na 19. Laifin da na gani a lamarin Issaka shi ne wata ukun, ba zuwansa ba. A wannan gasar dai Sizwe Ndlovu na Afirka ta Kudu, baƙar fata, ya ci zinare a jirgin mutum huɗu na marasa nauyi, shi kuma a makaranta ya fara. Najeriya ba ta samu wakilci a wasan ba sai 2016 da Chierika Ukogu, wadda a Amurka ta koya, sai Esther Toko a Tokiyo.

Game da zakaran gudun da kuke son ɗaukowa, shawarata ku ɗauko shi, amma ku gwada shi tukuna. Ku ba shi yara biyar na tsaka-tsaki, ba gwanayenku ba, na sati biyu. Ka tsaya a gefe ka saurara. Yana kallon yaran ko yana so su kalle shi? Idan yaro bai gane ba, yana da hanya ta biyu ta yin bayani? Yana tambayar yaro ko ya karya kumallo kafin ya sa shi zagaye fili? Yana rage aiki idan zafin Afirilu ya tsananta, ko lokacin azumi? Idan ya faɗi a wasu daga ciki, kada ku kore shi. Ku haɗa shi da kai. Shi ya kawo sanin yadda zuciya take a zagaye na ƙarshe, da kwarjinin da ke sa yara su fito fili, kai ka riƙe littafi da agogo da tsarin mako.

Idan kuma labarin ya sa ka fara tunanin madatsar Sabke ko Daberam, ban ce ba zai yiwu ba, don ruwan madatsa a kwance yake, irin wanda wasan ke so. Amma jirgin tsere da tsada yake, daga waje ake kawo shi, kuma kafin a yi maganarsa sai kowane yaro ya iya iyo, a samu rigar da ke hana nutsewa, a sa sarkin ruwa da masuntan wurin cikin maganar, a kuma tambayi ma'aikatan lafiya batun tsargiya a ruwan. Abin da za ka iya farawa da shi ranar Litinin bai wuce tef ɗin tela da bangon aji ba. Ka auna tsayin yaran aji ɗaya da aji biyu, ka sa kowa ya buɗe hannuwansa ka auna daga yatsa zuwa yatsa, ka rubuta a littafi da kwanan wata, ka sake aunawa bayan wata shida. Ka fara da dogayen nan da ke zaune a bayan aji, waɗanda ba a sa su a ƙwallo don an ce ba su da zafin nama.